Kwanon Duna, daga mako 8 zuwa wata 6

8 ga Maris, mako 8, kilo 5.4

Yau kwikwiyona Duna ya shigo gida. Baƙi ne wuluk, uwarsa irin karen nan ne da ake kira Labrador, ubansa kuwa sai abin da mai kiwon ya faɗa, wai shi ma ƙaton kare ne. Ƙafafunsa ma sun isa shaida, sun yi masa girma kamar yaro ya zura takalmin babansa. Likita ta ce in sa rai zai kai kilo 30 zuwa 33 in ya gama girma, saboda haka a lissafa shi cikin manyan karnuka, kuma wannan ne zai yanke kusan duk abin da zai shiga kwanonsa.

Niyyata rabi busasshen abincin kwikwiyo, rabi ɗanyen nama. Amma makon nan ba zan taɓa komai ba. Ya rabu da uwarsa da 'yan uwansa, ya canja gida da ruwan sha. In na ƙara masa da sabon abinci cikinsa ya ɓaci, ba zan san wanne ya jawo ba. Mai kiwon ya ba ni ragowar buhun da yake ci, shi zai ci gaba da ci, sau huɗu a rana, ina jiƙa masa da ruwan ɗumi minti goma kafin in ajiye.

Likita ta buga mini lissafi a kalkuleta: kare mai kilo 5.4 yana ƙona kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 250 a rana ko da a kwance ya yini, kwikwiyon da bai kai wata huɗu ba kuma ana ninka masa wannan sau uku. Wato 750. A jikin buhun an rubuta kalori 370 a kowane giram 100. Giram 200 ke nan a rana, hamsin-hamsin.

16 ga Maris, mako 9, kilo 6.1

Ya saba da gida, kashinsa ya daidaita, yau aka fara. Giram 20 na cinyar kaza, babu fata babu ƙashi, na yayyanka ƙanana na ɗora a kan abincin safe. Ya tsaya ya sansana, ya ɗago ya dube ni kamar mai tambaya ko kuskure na yi, sannan ya tsince naman tas kafin ya waiwayi busasshen.

An sha gaya mini kada a haɗa ɗanye da busasshe a kwano ɗaya, wai ba tare suke narkewa ba, sai ciki ya rikice. Na tambayi likita ta waya. Ta ce abin da ta fi gani yana ɓata cikin kwikwiyo shi ne a canja masa abinci farat ɗaya, in dai a hankali ne, cikin kwana 7 zuwa 10, haɗawar ba matsala. Na ware wa namansa katako daban da wuƙa daban, na kuma ajiye kwanon roba na koma na silba, don roba tana kartuwa, datti ya maƙale a cikin kartar.

27 ga Maris, kilo 7.3

Ɗanye ya kai rabin kwano. Cinyar kaza da safe, jan naman sa da yamma. Na daina aunawa da sikeli, da ido nake zubawa, tunda an ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Duna kuwa da ya ji ƙarar wuƙa a kan katako sai ya hau juyi yana bin jelarsa.

30 ga Maris

Hanta. Na yanko masa wajen giram 60 jiya da dare don na ga yana so. Da asuba sai ga zawo baƙi-ƙirin a bakin ƙofa, sau uku kafin rana ta fito. Yana wasa, yana shan ruwa, dasashinsa jajur yadda ya saba, don haka ban firgita ba. Na mayar da shi busasshe zalla na kwana biyu. Masu ciyar da ɗanye suna tsayar da hanta a kashi 5 cikin ɗari na abincin, kuma zawon ma shi ne ƙaramin dalili: bitamin A ya yi yawa a hanta, shi kuma taruwa yake yi a jiki, ba ya bin fitsari ya fice.

5 ga Afrilu, mako 12, kilo 9

Mun je allurar rigakafi ta biyu da maganin tsutsar ciki, na dawo da faɗa.

Tana shafa haƙarƙarinsa ta ce, "Malam, me yake ci yanzu?"

Na zayyana mata ina alfahari, rabi da rabi.

"Ƙashi fa?"

"Babu, Likita. Shaƙewa nake tsoro."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "To kalsiyam ɗin daga ina yake samu?"

Shiru na yi, don ban taɓa kawo tambayar a raina ba. Ga abin da ta bayyana, na rubuta shi tun ina cikin mota don kada ya shige mini. Kalsiyam da fosforas sinadarai ne masu gina ƙashi. Tsokar nama cike take da fosforas, kalsiyam kuwa ɗan mitsitsi ne a cikinta. A cinyar kaza fosforas ya ninka kalsiyam sau goma sha wani abu, har ashirin. Ƙashin kwikwiyo kuma yana son su zo kusan kai ɗaya, kalsiyam ya ɗan ɗara kaɗan. Busasshen abincin an riga an auna shi a haka. Da na cire rabinsa na cike gurbin da tsoka, sai na raba kalsiyam ɗin Duna kusan biyu, fosforas kuma bai ragu haka ba. In kalsiyam ya yi ƙasa a jini, jiki ba ya zama ya zuba ido, komawa yake yi yana kwasa daga ƙashi. Bayan makonni ko watanni sai a ga kwikwiyo yana ɗingishi, ƙafafu sun lanƙwashe, wani ma ya diro daga kujera ƙashi ya tsage. Kwana tara kawai na yi a kan wannan hanya, ta ce bai kai ga ɓarna ba.

Sai na ce to bari in sayo ƙwayar kalsiyam in riƙa barbaɗa masa. Nan ma ta tare ni. Babban kare in ya samu kalsiyam fiye da buƙata, hanjinsa yana iya rage abin da yake tsotsa. Kwikwiyon da bai kai wajen wata shida ba bai iya wannan ba tukuna, abin da aka ba shi galibi shigewa yake yi. Tun shekarun 1980 masu bincike a Jami'ar Utrecht da ke Holan suka nuna haka a kwikwiyoyin Great Dane, wani irin ƙaton kare: waɗanda aka cika wa kalsiyam sun samu matsalar guringuntsi da karkacewar ƙafafun gaba. Shi ya sa AAFCO, ƙungiyar da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka, ta sa iyaka ta sama da ta ƙasa ga kwikwiyon da zai kai kilo 32 ko fiye: kalsiyam kada ya gaza kashi 1.2 cikin ɗari na abincin bayan an cire ruwansa, kada kuma ya wuce 1.8. Tsakanin nan ba fili ba ne da mutum zai shiga da ido da cokali, garin neman gira a rasa ido.

Ba ta ɓoye mini ra'ayinta ba. Ita da za a bi tata, kwikwiyo ba zai ci ɗanye ba sam, kuma ta ce ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka tun 2012 take jan kunne a kan haka saboda ƙwayoyin cuta. Amma da ta ga na dage sai ta ba ni zaɓi biyu. Ko dai naman da nake yankawa da kaina ya tsaya a kashi 10 cikin ɗari na kalorinsa na yini, ko kuma in ina son ya fi haka, in nemi ɗanyen abinci na kamfani, daskararre, wanda aka rubuta a jikinsa cewa cikakke ne ga kare mai girma har da manyan karnuka. Kalmar "cikakke" ita zan duba, don akwai masu kyawun kwali da aka rubuta musu cewa ƙari ne kawai a kan wani abinci.

Na lura littafin nan ya fara cika da kashi iri-iri: na lissafi, na bayan gida, ga kuma ƙashi mai lanƙwasa. Duk wanda zai karanta sai ya lura da ƙugiyar harafin.

13 ga Afrilu, mako 13, kilo 9.8

Kunne ya ji amma hannu bai bari ba. Na ce a raina tunda ƙashi ne ya yi ƙaranci, wuyan kaza ɗaya a rana zai gyara, ai taushi gare shi. Kwana uku na farko na riƙe masa gefe ɗaya yana gwaguya, lafiya lau. A rana ta huɗu waya ta yi ƙara, na saki. Kafin in juyo babu wuya. Ya tsaya cak, ƙafafun gaba a ware, kai a ƙasa, wuyansa yana miƙewa yana dawowa, miyau na zuba kamar zare. Na durƙusa na buɗe bakinsa, ban ga komai ba. Yana numfashi, wannan ne ya hana ni zura yatsa in ƙara tura abin ciki. Bai kai minti ɗaya ba ya yi kakari biyu ya amayo shi ɗungurungum, ko tsaga babu. Kafin in kai hannu har ya nufe shi zai sake haɗiyewa.

Ga kuma kashinsa na kwanakin nan: fari-fari, busasshe, in an taɓa shi da tsinke sai ya marmashe kamar alli, kuma sai ya daɗe a tsugune yana nishi. Ƙashi ya yi yawa, kashi ya tona asiri. Da na kira likita ta ƙara mini da wani: a 2018 masu bincike a Jami'ar Melbourne ta Ostareliya sun alaƙanta cin ɗanyar kaza, musamman wuya, da wata cutar jijiya mai shanye ƙafafun kare, kuma ƙwayar Campylobacter ake zargi. An rufe babin wuyan kaza.

19 ga Afrilu, mako 14, kilo 10.6

Sabon tsari, kuma sikeli ya dawo kan teburi. Abinci sau uku yanzu. Kalori 1,200 a rana, ga yadda na raba: 840 busasshe, wato giram 225, 300 daga ɗanyen kamfani, wanda ke da kalori 160 a giram 100, wato giram 190, sauran 60 na 'yan gutsattsarin da nake ba shi in ya zauna ko ya zo da aka kira shi.

Nan ne na gane wani kuskuren da nake yi a baya. Busasshe ruwan cikinsa bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, ɗanye kuwa wajen 70. In ka cire giram 50 na busasshe ka mayar da giram 50 na ɗanye, kwanon zai cika a ido amma ka rage masa abinci. Da kalori ake musanya.

Ɗanyen yana zuwa a daskare. Nakan sauko da na gobe daga firiza in sa shi a roba mai murfi a can ƙasan firji, inda ruwansa ba zai ɗiga a kan abincinmu ba. Abin da ya narke ba ya wuce kwana biyu. In ya bar saura a kwano minti ashirin, na zubar, kodayake Duna bai taɓa barin saura ba. Sanyin firiza ba ya kashe ƙwayoyin cuta irin su Salmonella ko Listeria, kwantar da su kawai yake yi, da nama ya narke sun farka. Don haka kwano, katako, wurin da ya ci, hannuna, duk sai ruwan zafi da sabulu, sau uku a rana. Wannan wanke-wanken shi ne abin da masu yabon ɗanye ba su cika faɗa ba.

3 ga Mayu, mako 16, kilo 13.2

Famfara ta fara. Na taka wani abu mai tsini a kan tabarmarsa, na ɗauko, ɗan haƙori ne bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ashirin da takwas ne za su zube, 42 su maye gurbinsu zuwa lokacin da zai kai wata shida ko bakwai. Kwana biyu ke nan yana cinye ɗanyen ya bar busasshen, in ya tauna sai ya saki. Na koma jiƙa masa kamar farkon zuwansa, ya ci. Tsumma mai tsabta da na jiƙa na daskarar shi ma yana taimaka wa dasashin.

Wani ya ba ni shawarar ƙashin ƙafar sa mai ɓargo, wai yana wanke haƙori. Ban karɓa ba. Ƙashin da ke ɗauke da nauyin sa ya fi haƙorin kare tauri, turamen baya yake fasawa. Dafaffen ƙashi kuma ko na mene ne ba ya shiga bakinsa, don tsagewa yake yi tsini-tsini.

An yi allurar rigakafi ta ƙarshe a wannan zagaye.

31 ga Mayu, mako 20, kilo 18.1

Kilo biyar a mako huɗu. Na shiga asibiti ina murna, na fito da an rage masa abinci.

Laifina ne. Ninki ukun nan na farko na ɗan ƙasa da wata huɗu ne, daga nan ana sauka a hankali zuwa ninki biyu. Ni kuwa na ci gaba da ƙara masa duk mako, har ya kai kalori 1,650, ga gutsattsarin horo da ba na ƙirgawa sosai. Likita ta kama hannuna ta ɗora a haƙarƙarinsa ta ce in shafa ba tare da na danna ba. Ban ji ƙashi ba sai da na danna. Ta ce in shafa bayan hannuna a shimfiɗe, yadda ake jin ƙasusuwan ƙarƙashin fata, haka haƙarƙarin ya kamata ya kasance. In ya zama kamar tafin hannu, kitse ya rufe. In kuma kamar gaɓoɓin dunƙulallen hannu ne, rama ce. A ma'aunin jiki mai hawa tara, inda ake son 4 ko 5, Duna yana 6. Daga sama in ka dube shi, ƙugun ya ɓace, ya zama kamar matashin kai.

Na ce ai kwikwiyo ne, girma zai cinye teɓar. Ta ce girman da gadonsa ya rubuta masa zai kai shi ko da gudu ko da tafiya, gudun dai gaɓoɓi ne ke biyan kuɗinsa. Akwai binciken da aka yi shekara 14 ana yi a kan Labrador 48, aka fitar da sakamakon a 2002. An haɗa su bibbiyu 'yan ciki ɗaya, ɗaya yana cin abinci kashi 25 cikin ɗari ƙasa da na ɗan uwansa tun suna mako takwas. Masu cin kaɗan sun kai wajen shekara 13 a tsaka-tsaki, masu cin da yawa 11 da 'yan watanni, kuma ciwon gaɓoɓi ya jinkirta wa masu cin kaɗan.

An tsaya a kalori 1,450. Gutsattsarin horo daga yau daga cikin giram ɗin busasshensa na yini zan ɗiba. Da yamma ya gama ci ya tura kwanon da hanci har ƙafata, ya zauna yana kallona. Na kau da kai.

14 ga Yuni, mako 22, kilo 19.2

Ƙanwata ta zo da 'yarta mai wata goma, za su yi mako biyu. Tun da ta sanar da ni zuwan na dakatar da ɗanyen, kwana takwas ke nan busasshe zalla yake ci, giram 390.

Da ta ga robobin a firiza ta ce, "Yaya, duk wannan na kare ne? To me ya sa ka hana shi saboda mu?"

Na nuna mata yarinyar, tana rarrafe ta nufi wurin da kwanon ruwansa yake, hannu a ƙasa, daga ƙasa sai baki. Kare yana iya ɗauke da Salmonella yana fitar da ita a kashinsa alhali shi garau yake, ga lasar fuska da ba ya gajiya da ita. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin dabbobin gida tsakanin 2010 da 2012, ta samu Salmonella a 15, Listeria mai cutarwa a 32. Babba mai ƙoshin lafiya zai iya yin zawon kwana biyu ya miƙe. Jariri, mai juna biyu, tsoho, da wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, su abin ba wasa ba ne. Da a ce yarinyar a gidan nan take zaune, da ban fara wannan aikin ba tun asali.

28 ga Yuni, mako 24, kilo 20.6

Sun tafi. Mako uku Duna ya yi babu ɗanye, kuma wannan ya ba ni damar kwatantawa ba tare da na shirya ba. Abin da na gani: kashinsa ya ƙara yawa da laushi kaɗan a kan busasshe zalla, kuma ɗokin cin abinci ya ragu, ba ya juyin nan. Sheƙin gashi da na daɗe ina jingina wa ɗanyen nama kuwa yana nan daram, ko ɗigo bai ragu ba. Ban ji daɗin rubuta wannan ba. Kare ɗaya da mako uku dai ba su isa hukunci ba, amma na daina gaya wa mutane cewa naman ne ya sa yake ƙyalli.

Na fara mayar da ɗanyen yau, giram 50, zan ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako guda.

12 ga Yuli, wata 6, kilo 22.1

An koma sau biyu a rana, safe da yamma. Kalorin bai canja ba tun ƙarshen Mayu, 1,450 ɗin nan dai, shi ne ya girma ya cim masa. Haƙarƙari suna jin hannu, ƙugu ya dawo, likita ta ba shi 5. Haƙoran manya duk sun fito sai fiƙa ɗaya ta yarinta a sama ta hagu da ta ƙi faɗuwa, tana tsaye kusa da sabuwar. Ta ce a ba ta mako uku, in ba ta fita ba za a cire.

Rabi da rabin da na ƙudurta ranar farko bai yiwu ba, kuma na haƙura da shi. Yanzu kashi uku cikin huɗu busasshe ne, ɗaya ɗanyen kamfani, sai zuciyar sa ko ƙundun kaza 'yan yanka biyu ranar da na ga dama, a cikin kason horo. Abincin kwikwiyon manyan karnuka zai ci gaba da ci har ya wuce shekara ɗaya, wataƙila zuwa wata 15, sai an ga tsayinsa ya tsaya.

Buhun da ke hannu zai ƙare nan da kwana tara. Na sabon da na duba kalorinsa 385 ne a giram 100, don haka giram ɗin yini zai sauka daga 295 zuwa 280. Awo na gaba 26 ga Yuli, kuma ranar zan duba fiƙar.